Kafin Ku Tura, Ku Tuna da Mai Buɗewa

Hirarmu ta wannan mako a kan wani abu ce da kusan kullum muke yi ba tare da mun tsaya mun dube shi ba, wato tura wa juna takardun karatu ta waya, da yadda muke tsara rubutun da muke sakawa a guruf ɗin aji.

Abin da ya jawo maganar ya faru ne a hutun da ya wuce, lokacin da muka koma gida Gaya. Wani ƙaninmu ɗan ajin ƙarshe na babbar sakandare, wanda yake zaune a wani ƙauye na ƙasar Ajingi, ya kwanta zazzaɓi har darussan Kemistiri na mako biyu suka wuce shi. Sai ya roƙi wani abokinsa na cikin gari ya turo masa abin da aka koyar. Abokin bai yi ƙyashi ba. Da daddare ya buɗe littafinsa, ya haska tocila, ya ɗauki hoto 42, ya zuba masa su ta WhatsApp.

Ƙanin namu ya ari wayar yayarsa, ya kai ta wurin mai caji, ya sayi data, ya fita bakin titi inda sabis ya fi ƙarfi, ya tsaya har hotunan suka sauka. Da ya buɗe sai ya tarar shafi na 9 ya riga na 3 zuwa, wasu shafukan a karkace, wasu inuwar hannu ta rufe rabinsu. Ƙananan lambobin da ake rubutawa a gindin alamomin sinadarai kuwa duk sun dushe, ba a bambance SO2 da SO3. Abin da ya fi muni shi ne, a cikin tarin akwai hoton jadawalin jarrabawa wanda aka yanke kansa, babu shekara a jiki. Ashe na bara ne. A kansa yaron ya tsara bitarsa har kwana goma, sai da wani malaminsu ya gani ya ankarar da shi.

Babu mugu a cikin wannan labari. Abokin alheri ya nufa, kuma mu ma da muke jami'a mun sha yin irin abin da ya yi. Matsalar ita ce mai turawa yana ganin aikinsa ya ƙare da zarar ya danna, alhali a lokacin wahalar mai karɓa take farawa. Datarsa ce za ta ƙone, cajinsa ne zai tafi, idonsa ne zai sha wuya, kuma shi ne zai shiga ɗakin jarrabawa da abin da ya karanta. Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, kowa ya san data ba abin wasa ba ce a aljihun ɗalibi.

Mu mutanen Gaya muna da abin koyi a gida. Tarihin baka na Kano yana cewa maƙera ne daga Gaya suka je Dutsen Dala neman tama, su ne ake kira Abagayawa. To, maƙerin kirki ba ya miƙa wa manomi fartanya babu ƙota ya ce ya gama. Sai ya wasa ta, ya sa mata ƙota, ya tabbatar za ta yi noma. Haka ya kamata mu ɗauki fayil ɗin da za mu tura wa ɗan'uwa.

Abu na farko shi ne suna. Idan hoto ko takarda ta bi ta WhatsApp, sau da yawa waya takan ajiye ta da suna irin IMG-20250314-WA0007. Bayan wata guda, wa zai gane abin da ke ciki? Kafin ku tura, ku shiga wurin ajiyar fayil na wayarku ku sauya sunan ya faɗi abu uku: darasi, aji da shekara. Misali, Kemistiri SS3 zango na biyu 2025. Idan kashi-kashi ne, ku sa 01, 02, 03 a farkon sunan, don su jeru da kansu. Wannan aikin minti ɗaya ne, amma ranar da jarrabawa ta matso, mai nema zai rubuta kalma ɗaya kawai ya samo abinsa.

Na biyu shi ne nauyi da kyan gani. WhatsApp yana matse hoton da aka tura a matsayin hoto don ya yi saurin tafiya, shi ya sa ƙananan rubutu suke dushewa. Idan kuma aka tura shi a matsayin takarda, yakan tafi da cikakken nauyinsa. A ɗauka kowane hoto megabayit 3 ne, hoto 42 sun zama megabayit 126 ke nan. Tun 2022 manhajar ta ba da damar tura fayil mai nauyin gigabayit 2, amma wanda ke Toranke ko Gafasa yana jiran sabis ya dawo, wannan dama ba ta amfane shi da komai ba. Mafita ita ce a haɗa shafukan su zama PDF guda. Kamfanin Adobe ne ya fito da tsarin PDF a 1993, don takarda ta fito iri ɗaya a kowace na'ura, shafi na bin shafi. Manhajar Google Drive da ke cikin yawancin wayoyin Android tana da wurin yin sikanin da kyamara. Ku shimfiɗa littafin a inda haske yake da rana, ba cikin rana tsaka ba, ku riƙe wayar daidai saman shafin, ku zaɓi baƙi da fari, ku bi shafukan a jere. Nauyin zai ragu sosai, rubutun kuma ya fito raɗau. Sannan ku buɗe ku karanta da idonku kafin ku tura. Abin da ku ba ku iya karantawa ba, wani ma ba zai iya ba.

Idan kuwa kuna kusa da juna, babu dalilin ƙona data. Xender da Bluetooth suna ɗaukar fayil daga waya zuwa waya ba tare da intanet ba. Mutum ɗaya ya sauke, sauran su karɓa a wurinsa bayan an tashi daga makaranta ko ranar kasuwa. Mun san 'yan aji da suke karɓa-karɓa, wannan makon wane ne zai sauke, mako mai zuwa wance. Wannan dabara ce mai kyau, a ci gaba da ita.

Na uku shi ne tsarin rubutu. Sanarwar da aka cusa a dunƙule, layi talatin babu aya babu waƙafi, ba a karanta ta har ƙarshe. Ku fara da kanun magana a layi guda. Ku sa abin da ya fi muhimmanci a sama: me za a yi, yaushe, a ina. Kowace magana ku ba ta sakin layinta, ku bar fili tsakaninsu. A WhatsApp, idan kuka sa alamar tauraro a farkon kalma da ƙarshenta ba tare da barin fili ba, kalmar za ta fito da kauri. Idan ɗan layin ƙasa kuka sa a gefe biyu, za ta kwanta a karkace. Daga watan Fabrairun 2024 kuma an ƙara damar jera abubuwa: ku rubuta 1, ku sa aya, ku bar fili, jerin lambobi zai fara da kansa. Amma kauri kamar gishiri yake, kaɗan ake sawa. Rana da lokaci da wuri sun isa. Idan komai ya yi kauri, ido ba zai san inda zai tsaya ba.

Akwai kuma wani yayi da muke roƙon a rage, wato kwafo haruffan ado masu lanƙwashe-lanƙwashe daga wasu manhajoji ana liƙawa a Facebook da guruf. Waɗannan ba haruffan rubutu na yau da kullum ba ne, alamomi ne da aka tanada don lissafi. A tsohuwar waya sukan fito a matsayin akwatuna, wurin bincike ba ya cika gane su, manhajar da ke karanta wa makafi rubutu kuma takan rikice a kansu. Ga shi babu ƙ da ɗ da ɓ a cikinsu.

Wannan ya kawo mu ga na huɗu, haruffanmu masu ƙugiya. A shekarun 1930 ne masu aikin buga littattafan Hausa a Zariya suka tsayar da su a rubutun boko, kuma ba don ado aka yi su ba. Ku dubi bambancin baki da baƙi, kare da ƙare, fada da faɗa, kara da ƙara. Wanda ya rubuta cewa an yi fada a makaranta, yana nufin an yi faɗa, ya mayar da makarantar gidan sarki. Mai karatu zai iya cankar abin da ake nufi, amma wanda ya saba barin ƙugiya a waya, hannunsa zai bar ta a takardar Hausa ta WAEC ko NECO, inda ake duba ƙa'idojin rubutu. Gyaran ba wuya. Ku shiga saitin allon rubutu na Gboard, ku ƙara harshen Hausa. Haruffan za su samu, ko dai a fili ko idan kun danne k, d ko b kun ɗan riƙe. Haka nan a daina haɗe kalmomi irin su yace da zanzo. Ya ce, zan zo, haka ƙa'ida ta tanada.

Na biyar shi ne tushe, kuma a nan ne ƙaninmu ya kusa yin asara. Duk takardar da ta shafi jarrabawa, ku tambayi kanku: daga ina ta fito, kuma ta wace shekara ce? Idan kun ga kibiya biyu a saman saƙo, WhatsApp yana gaya muku cewa saƙon ya bi hannaye da yawa kafin ya iso gare ku. Jadawalin WAEC da NECO da sanarwar JAMB, a ofishin makaranta ko a shafin hukumar ake tabbatar da su. Idan za ku tura, kada ku yanke kan takardar inda suna da shekara suke, kuma ku rubuta a ƙasa inda kuka samo ta. Shi kuwa fayil ɗin da aka ce amsar jarrabawar gobe ce, a biya kuɗi a buɗe, ku guje shi. Ko dai damfara ce, ko kuma laifi ne a ƙarƙashin dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999, kuma yana iya jawo a riƙe sakamakon mutum bayan wahalar shekara shida.

Na ƙarshe, akwai abin da ba a turawa guruf ko da an tsara shi da kyau. Tun 2021 JAMB ta wajabta lambar NIN ga mai yin rajista, don haka yanzu wayoyin ɗalibai cike suke da hoton takardar NIN, da lambar da JAMB ke turowa ta saƙo, da lambar katin duba sakamako. Waɗannan sirrinku ne. Wanda ya samu zai iya shiga bayananku ko ya cinye muku katin. Idan dole ne ku tura wa wani malami ko yaya, ku tura masa shi kaɗai, ku duba sunan sau biyu kafin ku danna. Haka nan hoton wata ko wani ɗan ajinku, ko takardar sakamakonsa, ba a yaɗawa sai da izininsa. Abin da ya shiga guruf mai mutum ɗari ba ya dawowa, ko da an goge.

Mun san ba kowa a cikinku yake da waya ba, kuma makarantu da yawa sun hana shiga da ita, wanda muke ganin daidai ne. Da yawanku ta yaya ko ta baba kuke ara na ɗan lokaci da yamma. Wannan ma ƙarin dalili ne na kyautata abin da ake turawa, domin wanda aka ba aron minti ashirin ba shi da lokacin jera hotuna 42.

Shi ƙanin namu, da muka zauna da abokin nasa a ƙofar gida bayan la'asar, muka sake ɗaukar shafukan nan a jere, suka koma fayil guda mai suna da shekara. Bai kai mu rabin awa ba. Washegari ya karɓa ta Xender, daga wurinsa kuma 'yan ajinsu shida suka kwafa, babu wanda ya kashe ko sisi.

Ga aikin gida na wannan mako. Kowa ya zaɓi darasi ɗaya da ya fi iyawa, ya mayar da bayanansa PDF guda, ya sa masa suna mai darasi da aji da shekara, ya ba wani ɗan ajinsu da darasin ya wuce shi. Sannan ya tambaye shi ko ya iya karanta kowane shafi. Ku rubuto mana yadda kuka ƙare, daga Kademi ne ko Balare ko duk inda wannan jarida ta same ku. Allah ya ba da sa'ar karatu, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.