Kukan malamin lissafi

Kowace shekara, in sakamakon jarrabawar bak ya fito, malamin lissafi ake fara tuhuma. Jama'a, kafin mu ɗora masa laifi, mu leƙa ajinsa.

Malami ya shigo lise da shirin koyar da aljabra, sai ya tarar da ɗalibai da dama ba su riƙe jadawalin ninkawa ba. Aji ya cika maƙil, littattafai ba su isa ba, lokaci ya ƙare bai kai rabin darasi ba. Da dare kuma ga tarin takardu na jiran gyara.

Amma yaran nan ba daƙiƙai ba ne. Wanda ya san dala ashirin ita ce sefa 100, kullum yana ninkawa da biyar a kasuwa. Sau da yawa faransancin tambayar ke tsayar da shi, ba lissafin ba.

Tun 1973 aka fara gwada koyarwa da Hausa a Damagaram. Muna kira ga hukuma ta ƙarfafa wannan tushe a firamare, ta ƙara azuzuwa. Iyaye kuma su riƙa bin karatun ƴaƴansu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.