RA'AYINMU: A Auna Iskar Gwarzo da Kabo

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Gwarzo da hunturu ya san yadda hazo ke lulluɓe gari. Yawancin ƙurar nan daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi iska ke kwaso ta, ba mu da ikon tare ta. Amma fa akwai wadda mu ke haddasawa da hannunmu: hayaƙin itace da gawayi a madafa, ƙona shara da leda a bakin kasuwa, hayaƙin janareto da injin niƙa, da na tsofaffin motoci a tasha. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 tsada ta ƙaru, gidaje da dama suka koma murhu.

Masana sun tabbatar da cewa mafi haɗari shi ne burbushin da ido ba ya gani, wanda ke ratsa huhu ya shiga jini. Shi ke tsananta asma da ciwon huhu ga yara, da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ga manya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska na kashe mutum wajen miliyan 7 kowace shekara. A 2021 ta tsaurara ma'auninta, ta ce kada matsakaicin burbushin nan a shekara ya wuce maikirogiram 5 cikin kowane kubik mita na iska. A karkararmu kuwa, wa ya fi shaƙa in ban da uwa mai girki da goyon da ke bayanta?

Sau da yawa in ana zancen gurɓata, Sharaɗa da Bompai ake tunawa, sai ka ce talakan Kabo ba shi da huhu. To, ba a maganin ciwo sai an san girmansa. Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Kano da hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, da majalisun ƙananan hukumomin biyu, su girka na'urorin awo a asibiti da tasha da kasuwa da makarantu. A riƙa sanar da sakamakon ta rediyo da Hausa, a kuma gwada shi da yawan masu tari da ke zuwa asibiti.

Mu ma ɗalibai akwai namu. Sabon mazaunin Jami'ar Bayero a kan wannan hanya yake. Mu karɓi aikin karanta na'urorin da faɗakar da iyayenmu, domin da guminsu muke karatu. In kunne ya ji, jiki ya tsira.