Kayan aro ba ya rufe katara: magana kan bidiyon waƙar yaranmu

A Gaya yanzu da wuya ka ratsa unguwa bayan la'asar ba ka ci karo da samari uku ko huɗu a gindin wata katanga ba, ɗaya riƙe da waya yana ɗauka, ɗaya yana motsa baki, wata ƴar sifika tana ta maimaita waƙa guda. Bidiyon waƙa suke haɗawa, abin da su suke ce wa kilip. Ba su da kamfani, ba su da ubangida, kuɗin kuma daga aljihunsu yake fitowa, ko kuma daga namu ba tare da mun sani ba.

Iyayen da nake haɗuwa da su a makaranta sun kasu biyu. Wasu sun ce atafau, ɗansu ba zai zama maroƙi ba. Wasu sun zuba ido, wai wasan yara ne, zai wuce. Wanda ya hana saboda abin da ya fahimta a addini, gidansa ne, kuma ina girmama hukuncinsa. Maganata ta shafi yaran da tuni sun shiga, kuma suna da yawa. A ganina ƙarancin kuɗinsu bai taɓa zama abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne ƙaryar arziki da suke jin dole sai sun yi a gaban kyamara.

Ku duba yadda kuɗin yake tafiya. A ce yara huɗu sun tara jika hamsin, daga dako, da kabu-kabu, da kuɗin kalaci da aka riƙa matsewa. Sun kalli bidiyon mawaƙan Kano da Legas, sun ga mota, sun ga babban gida, sun ga an sauya tufafi sau biyar. Sai su yi hayar mota ta wuni ɗaya, su biya a bar su su shiga farfajiyar otal, su ari takalma da tabarau. Ɗan abin da ya rage shi ake kai wa mai situdiyo, ya ɗauki muryar a gurguje. Bidiyo ya fito, murya a shaƙe, kiɗa ya danne kalmomi, kuma duk garin ya san mai motar. Idan kuɗin bai kai ba sai bashi, wani har ya sayar da wayar da aka saya masa don karatu. Kayan aro ba ya rufe katara.

Alhali a ƙasarmu muna da misalin da ya isa darasi. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, da hannunsa ya haɗa gitarsa ta farko da wayoyin birkin keke, a gidan da ba a son ya yi kiɗa. A 2008 ya je Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko. Ba rediyo ce ta yaɗa su ba, daga waya zuwa waya suka riƙa tafiya ta Bluetooth da katin memori, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya ji ɗaya daga cikinsu, ya sa ta cikin wani faifai a 2011, ya kuma nemo mai ita. A 2015 suka fitar da fim ɗin da suka yi tare a Agadas da harshen Buzaye, da ɗan kuɗin da masoya suka tara ta intanet. Titunan Agadas aka nuna, da babur, da gita. A 2021 babban kamfanin Matador na Amurka ya fitar da faifansa. Shi dai wannan Sahel Sounds, a 2020 ya riƙa fitar da waƙoƙin da mawaƙan Sahel suka ɗauka da waya kawai suka aika ta WhatsApp. Abin da mutanen nesa suka biya kuɗi don su ji shi ne sautin da babu irinsa a wajensu.

To mu me muka rasa a nan Dandi? Muna da kogin Kwara da jiragen ruwan da ke kai da kawo tsakaninmu da Malanbil. Muna da masunta da tarunsu, da fadamun shinkafa, da gonakin rake, da dazukan giginya. Muna da kasuwar da ake ciniki da Hausa da Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci a rumfa ɗaya. Mai kuɗi a Legas sai ya kashe dukiya kafin ya gina irin wannan a ɗakin ɗaukar hoto. Yaranmu suna da shi kyauta, amma sun juya masa baya suna neman bangon otal.

Sana'ar kanta ba ta buƙatar dukiya, tsari take buƙata. Ana fara ɗaukar waƙa a situdiyo a gyara ta, don haka can ya kamata mafi yawan kuɗin ya tafi: kunne ba ya haƙuri da mummunan sauti, ido kuwa yana haƙuri da hoto matsakaici. Ranar ɗaukar hoto ana kunna waƙar a sifika, mawaƙi yana bi, a maimaita a wurare uku ko huɗu, daga baya a daidaita hoton da sautin a cikin waya da manhaja irin su CapCut ko KineMaster. Hasken hantsi da na bayan la'asar sun fi fitilar haya, ranar tsaka kuwa tana baƙanta fuska. Wayar da aka kafe a kan ƙafa ko aka jingina da dutse ta fi mai tsada da ke rawa a hannu. Kuma wanda ya rubuta a takarda abin da za a ɗauka, da inda za a ɗauka, da lokacin, yakan gama a wuni ɗaya aikin da wasu suke kwana uku a kai.

Malamai ƴan'uwana, ku sake karanta wannan jerin. Rubutu ne, da lissafi, da tsara lokaci, da aikin haɗin gwiwa, wato abubuwan da muke fama mu cusa musu a aji. Yaron da ba ya iya cika shafi ɗaya a darasin rubutu zai kwana yana gyara baiti huɗu, saboda ya san abokansa za su ji. Me zai hana mu ce ya kawo mana kasafin kuɗin bidiyonsa mu duba tare, ko mu ba su fili a bikin ƙarshen shekara?

Sai dai goyon baya yana da sharuɗɗa, kuma ga huɗu da nake ba iyaye shawara a kansu.

Na farko, gaskiya game da riba. Bidiyo allon talla ne kawai. YouTube ba ya fara raba kuɗin talla da mai tasha sai ya samu mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kuma miliyoyin kallo na gajerun bidiyo. Waƙar da ta bi ta WhatsApp ko ta shagon masu turawa ba ta kawo wa mai ita ko dala. Ɗan abin da ƙaramin mawaƙi yake samu, a biki da suna yake samunsa. Don haka kada a ci bashi, kada a taɓa kayan karatu, kuma kada a ɗauki hoto a lokacin aji ko gab da jarrabawar BEPC.

Na biyu, ƴan mata. A Oktoban 2016 ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga Kannywood saboda fitowar da ta yi a bidiyon mawaƙi ClassiQ. Ko mutum ya yarda da hukuncin ko bai yarda ba, ita ce ta ɗauki nauyin abin, kuma babba ce, sananniya, mai ƙarfin tashi. Ina ga ƴar shekara goma sha biyar da aka kira ta yi rawa don a ba ta kuɗin kati? Abin da ya hau intanet ba ya sauka. Kada yarinya ta fito sai da yardar iyayenta, kuma su ga bidiyon kafin a sake shi.

Na uku, izini. Garinmu bakin iyaka ne, kuma tun da aka rufe gada a 2023 idon jami'an tsaro a buɗe yake. Kada yaro ya nuna kyamara ga gada, ko shingen bincike, ko mai kaki. A kasuwa ko bakin kogi a gai da masu wurin, a nemi yardarsu kafin a sa fuskarsu.

Na huɗu, takarda. Wa ya rubuta waƙar, wa ya yi kiɗan, wa yake riƙe da lambar sirrin tasha, yaya za a raba idan Allah Ya kawo wani abu? A rubuta tun ana dariya, babba ya yi shaida. Idan abin ya yi nisa, akwai hukumar kare haƙƙin mawallafa ta ƙasa, BNDA, inda ake rajistar waƙa.

Yaron da aka rufe wa ƙofa ba ya daina waƙa, daina faɗa mana yake yi, daga nan kuma sai mai situdiyo da abokai su zama masu ba shi shawara. Gara uba ya zauna ya ce, "Kunna mini in ji," sannan ya tambayi ma'anar kalmomin, da nawa aka kashe, da inda kuɗin ya fito. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa abin da suke koyo ya amfane su.