Gafarar Allah Ba Hajar Kasuwa Ba Ce

Duk sa'ad da zance ya biyo ta kanmu, mu Kiristocin da ke zaune a Anka da Gummi da Bukkuyum, waɗanda ba mu da yawa, galibinmu 'yan kasuwa da malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da manoman da suka zo daga ƙasar Zuru, akan sami wani daga cikin 'yan'uwanmu Musulmi ya ce ai addininmu ba shi da wuya, tun da mun ce bangaskiya kaɗai ta isa, mutum ya yi abin da ya ga dama. Ba na ganin laifin mai faɗin haka, domin da yawa daga cikin masu zuwa majami'a ranar Lahadi su ma haka suka fahimci mas'alar, alhali kuwa asalinta ya yi nisa da wannan zato.

A ranar 31 ga Oktoba 1517 ne wani malamin tauhidi na Jamus, Martin Luther, ya fitar da mas'aloli 95 a garin Wittenberg, yana neman malamai su zauna a yi muhawara a kansu. Abin da ya tunzura shi shi ne wani mai wa'azi, Johann Tetzel, wanda yake yawo gari gari yana sayar da takardun yafe azabar zunubi, ana tara kuɗin da sunan ginin babbar majami'ar Bitrus ta birnin Rum a zamanin Fafaroma Leo na 10, har talaka ya ɗauka cewa da 'yan sulallansa zai fanshi mahaifinsa da ya rasu. Luther, wanda ya daɗe yana azabtar da kansa da azumi da tsayuwar dare ba tare da zuciyarsa ta sami natsuwa ba, ya duƙufa a kan wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, ya fito da hukuncin cewa Allah yana baratar da bawa ne saboda alherinsa, ta wurin dogara ga Almasihu, kuma babu wani aiki ko dukiya da za su zama farashin wannan kyauta. Da aka gurfanar da shi a Worms a 1521 gaban Sarki Charles na 5 aka nemi ya janye, sai ya ƙi.

Amma bai taɓa cewa a bar aiki nagari ba. Abin da ya koyar, kuma almajiransa suka riƙe, shi ne aiki yana biyo bayan bangaskiya kamar yadda 'ya'yan mangwaro suke biyo bayan saiwa mai rai, ta yadda wanda ya ce ya ba da gaskiya alhali yana tauye mudu, yana cin amanar maraya, to ya tona wa kansa asiri cewa bangaskiyar tasa a baki ta tsaya.

Na san almajiran ilimi na wannan ƙasa ba baƙi ba ne ga irin wannan bahasi, domin malaman Musulunci na farko sun yi doguwar jayayya a kan dangantakar imani da aiki, tsakanin Murji'a da Khawarijawa da Mu'utazilawa, kafin Ahlus Sunna su tsai da matsayarsu. Ba ina cewa aƙidun biyu ɗaya ba ne. Saɓanin da ke tsakaninmu a kan sha'anin Isa Almasihu babba ne, kuma ɓoye shi rashin gaskiya ne. Sai dai wannan ƙasa tamu da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya shafe kimanin shekara 5 yana wa'azi a cikinta, yana sukar miyagun malamai masu sayar da addini don abin duniya, ba ta bukatar a yi mata dogon sharhi a kan ma'anar tajdidi, ko a kan yadda bidi'a takan sake tsirowa a gidan waɗanda suka taɓa yaƙar ta.

Wannan shi ne abin da ya fi damuna. Malaman Furotesta na ƙasar Holan a ƙarni na 17 sun bar mana ƙa'idar cewa ikilisiyar da aka gyara ba ta gama gyaruwa ba, wajibi ne a riƙa auna ta da Littafi Mai Tsarki a kowane zamani. Katolika sun yi nasu gyaran: Fafaroma Pius na 5 ya haramta haɗa yafewa da kuɗi a 1567, sa'an nan a ranar 31 ga Oktoba 1999 wakilansu da na Lutheran suka sa hannu a Augsburg a kan yarjejeniya game da wannan mas'ala ta barata. Saboda haka wanda yake neman magadan Tetzel a yau kada ya wahalar da kansa da duban gidan maƙwabci, domin a cikin majami'un da suke kiran kansu na bishara ne ake sayar da man shafawa da ruwan albarka, ake ce wa jama'a su shuka iri na kuɗi in suna son Allah ya ji kukansu.

Ku dubi mutanen da ake gaya wa wannan magana. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma. A Janairun 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan waɗannan ƙananan hukumomi biyu suka yi kisan da har yau ba a manta ba, kuma akwai inda manomi ba ya taɓa gonarsa sai ya biya haraji ga mutanen daji. Matar da ta sayar da shanun huɗa da gonar gado don kuɗin fansar mijinta, Musulma ce ko Kirista, idan wani mai riga ya ce mata ƙarancin baikonta ko sadakarta ne ya jawo mata musiba, lalle ya zalunce ta, ya kuma yi wa Ubangiji ƙarya.

Gyaran da nake kira a yi ba ya bukatar babban taro. Luther ya fassara Sabon Alkawari zuwa Jamusanci a 1522 domin manomi ya karanta da kansa ya bincika maganar limaminsa. Mu ma tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda Likita Walter Miller na Wusasa da abokan aikinsa suka yi wa hidima, kuma tun 1954 aka kafa ikilisiyar ECWA. To, a koma koya wa manya karatu a majami'a, musamman matan zumunta. A riƙa karanta lissafin baiko a gaban jama'a, kowa ya ji abin da ya shigo da inda ya tafi. Dattawan ikilisiya su sami ikon tambayar fasto hujjarsa ba tare da an kira su 'yan tawaye ba. Manyan majami'un Gusau da Kaduna da Jos kuwa, su ɗauki nauyin albashin mai bisharar da ke ƙauyen Gummi, su biya shi a kan kari, domin kada yunwa ta sa ya fara sa wa addu'arsa farashi.