A Adana Muryoyin Ma'aikatan Rediyonmu



Tun rasuwar Malam Kabiru Fagge na Sashen Hausa na Muryar Amurka a Disambar 2023, Allah Ya jiƙansa da rahama, nake ganin ta'aziyya kaɗai ba ta sauke haƙƙin irinsu da ke kanmu. Mutumin da ya kwashe shekaru yana gabatar da shirin "Ilimi Garkuwar Ɗan Adam", yana roƙon iyaye su sa yara makaranta, aikinsa ya wuce na albashi. Irinsa suna nan a tashoshin rediyon Yola, masu sanar da rigakafi da cigiyar yaron da ya ɓata, su kuma bi lamarin da ƙafarsu. Ya kamata gidajen rediyo su tattara shirye-shiryensu, a ajiye kwafi a Jami'ar Jihar Adamawa da ke Mubi, a riƙa maimaita su.

Wani zai ce tsohon shiri ya sha iska, kowa ya koma WhatsApp. To, ya leƙo Sahuda, nan bakin iyakar Kamaru, ya ga manomi ya rataye rediyo a reshen bishiya yana shema, mai shayi ya jingina tasa da gwangwanin madara. Batir biyu sun ishe su. Batun tsufa kuwa, yaran da Malam ke magana a kansu har yau suna talla a tasha. Masu kukan kuɗi su tuna cewa kwafe kaset zuwa kwamfuta bai kai kuɗin walimar karramawa guda ba.

Wassalam.
Mai sauraro daga Sahuda, Mubi.