Kalmar "Rash": Ba Kowane Sauri Ne Garaje Ba

Ya ku ɗalibai da iyayen yara, yau ina so mu ɗan tsaya a kan wata kalmar Turanci mai harafi huɗu, wadda na ga tana ba yaranmu wahala a aikinsu na makarantar boko. Kalmar ita ce "rash".

Da yawanku in an tambaye ku ma'anarta sai ku ce sauri. Ni kuwa ina ganin wannan fassara ba ta biya ba. Bature in zai yabi mai sauri "quick" ko "fast" yake cewa. Ba ya kiran dokin sukuwa "rash", ba ya kiran mota haka. Mutum yake kira da ita, ko shawararsa, ko alkawarinsa, kuma duk inda ya faɗe ta zargi yake yi, wato an aikata abu ba a duba abin da zai biyo baya ba. Da Hausa garaje ke nan. In ka ji "a rash promise", to alkawari ne wanda baki ya riga hankali. In an ce "he spoke rashly", ya yi magana da garaje.

Asalinta kuwa ba zargi ba ne. A Turancin ƙarni na 14 mai kuzari da hanzari take nufi, kuma har yau Jamusawa na da 'yar'uwarta, "rasch", wadda ma'anarta sauri kawai. Sai wajen shekarar 1500 ta fara ɗaukar ma'anar aiki babu tunani.

Ku kiyayi tarko biyu. Na farko, a bakinmu "rash" da "rush" kusan ɗaya suke fita, shi ya sa yara ke musanya su a rubutu. "Rush" rugawa ce ko hanzartawa, kamar yadda kuke yi in an buga ƙararrawar tashi. Na biyu, akwai wata "rash" ɗin daban da likita ke faɗa, mai nufin ƙurajen da ke feso wa mutum a fata. Rubutunsu ɗaya, asalinsu daban. Ku riƙe su haka: ɗaya garaje, ɗaya ƙuraje. In kuma jarrabawar WAEC ko NECO ta nemi kalma mafi kusa da ita, ku duba "hasty" ko "reckless". Kishiyarta "cautious".

Wani zai ce, Malam, ai sauri da garaje duk ɗaya ne. A'a. Uwar da ta fizge ɗanta daga bakin murhu ta yi sauri, amma ba wanda zai ce ta yi garaje. Haka uban da ya ɗauki yaro mai zazzaɓi ya nufi asibiti cikin dare. Amma wanda aka kawo wa ƙarar ɗansa ya hau shi da duka bai ji ta bakinsa ba, da maigidan da ya furta saki cikin fushi, da ɗalibin da ya fara amsa tambaya bai karanta umarnin da ke saman takarda ba, waɗannan su kalmar ke nufi. Ba da agogo ake auna ta ba. Abin dubawa shi ne, tunani ya riga aiki ko aiki ya riga tunani?

Sai dai kada malalaci ya fake da wannan magana. Wanda ya bar haddarsa har daren musabaƙa yana cewa sannu ba ta hana zuwa, ba natsuwa ya yi ba, sakaci ya yi. Daga ƙarshe ma shi ne zai afka cikin garajen.

Saboda haka kafin ka yi rantsuwa, ko ka kai labarin da ba ka tabbatar ba, ko ka ɗaga hannu a kan ƙaninka, tsaya ka tambayi kanka: gobe da safe zan ji daɗin abin nan? Iyayenmu sun ce garaje ba ƙarfi ba ne. Ku ma iyaye, yaro a wurinku yake ganin yadda ake yanke hukunci.

Allah Ya ba mu natsuwa, Ya ƙara mana ilimi mai amfani. Wassalamu alaikum.