Sharhi: Darasin Kamfanin Steyr Na Bauchi Game Da Wakilcin Ma'aikata

A ƙarshen shekarun 1970 ne aka buɗe masana'antar Steyr a birnin Bauchi, bisa haɗin gwiwar Gwamnatin Tarayya da kamfanin Steyr-Daimler-Puch na ƙasar Ostiriya, domin harhaɗa taraktoci da manyan motoci. An kawo injuna, an kawo injiniyoyi, amma an bar wani abu guda a can Turai, wato dokar da ta ba ma'aikaci kujera a inda ake yanke shawara.

Tun shekarar 1919 Ostiriya take da dokar majalisar ma'aikata. A yau, duk wurin aikin da ke da ma'aikata biyar yana da ikon zaɓen irin wannan majalisa, kuma a manyan kamfanoni ita ke naɗa kashi ɗaya bisa uku na hukumar da ke sa ido a kan shugabannin kamfani. Jamus ta zarce haka. Dokarta ta 1972 ta hana mai kamfani sauya lokutan aiki ba tare da amincewar majalisar ba, kuma duk sallamar da aka yi ba tare da jin ta bakinta ba, ba ta da inganci a gaban kotu. Wata dokar ta 1976 ta ba ma'aikata rabin kujerun hukumar sa ido a kamfanonin da ma'aikatansu suka haura 2,000. A Faransa kuwa, ikon bai kai haka ba: akasari neman shawara ne da haƙƙin duba lissafin kamfani.

To, ina Nijeriya? Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya umarci mai kamfani ya sanar da ƙungiyar ƙwadago dalilin rage ma'aikata da yawan waɗanda abin zai shafa, ya kuma yi iya ƙoƙarinsa wajen sasanta kuɗin sallama. Sanarwa ke nan bayan an gama shawara, wato ihu bayan hari.

Babu mai cewa majalisar ma'aikata za ta iya hana faɗuwar darajar naira da ta biyo bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, wadda ta tsawwala kuɗin sassan motoci da ake shigowa da su, ta kuma durƙusar da masana'antun harhaɗa motoci, har da na Bauchi. Amma ma'aikacin da ya ga lissafi da idonsa yakan yarda a rage sa'o'in aiki maimakon a rufe ƙofa, kamar yadda aka yi a Jamus lokacin koma-bayan tattalin arziki na 2009.

Sai dai a yi hattara da abin da ya faru a Afirka ta Kudu. Dokarta ta 1995 ta tanadi dandalin ma'aikata a wuraren da ke da fiye da mutum 100, amma kaɗan ne aka kafa, domin ƙungiyoyin ƙwadago sun ɗauke shi a matsayin kishiya.

Saboda haka, ya kamata Majalisar Tarayya ta gyara sashe na 20, ta wajabta wa matsakaita da manyan kamfanoni nuna wa wakilan ma'aikata lissafinsu na shekara, da tuntuɓarsu kafin rage ma'aikata ko sayar da kamfani. A kuma bar wa ƙungiyoyin ƙwadago cinikin albashi, domin su rungumi tsarin tun daga farko.